Ga masu neman horon aiki a kamfanonin ƙera makamai na Birtaniya

Ƙannena da kuka gama digirin injiniya a Birtaniya, ko kuke dab da gamawa, da yawanku na hangen horon shekara biyu da kamfanoni irin su BAE Systems, Babcock, MBDA da Rolls-Royce ke ba sababbin masu digiri. Aiki ne mai kyau. Ana zagayawa da kai sashe-sashe, galibi wata shida-shida, daga ofishin zane zuwa ɗakin gwaji zuwa bakin inji, da babban injiniya da zai riƙe hannunka. Amma a wannan hanya ɓoye-ɓoye ya fi ƙarancin ilimi kayar da mutum.

Tun kafin ka cike takarda, duba ko ƙofar a buɗe take gare ka. Hukumar UKSV ta gwamnatin Birtaniya ce ke tantance ma'aikata kafin a amince musu da sirrin tsaro, kuma kamfani ne ke tura sunanka, ba ka da ikon nema da kanka. Tantancewar mataki-mataki ce: matakin SC yakan buƙaci ka zauna a ƙasar shekara 5, matakin DV, wanda ya fi shi tsauri, shekara 10. Wanda ya zo digiri na biyu na shekara guda, da wuya ya cika wannan sharaɗi. Kada ya ƙarar da bizarsa yana jiran gawon shanu. Mai fasfo biyu, na Najeriya ko Nijar da na Birtaniya, ya sani akwai ayyukan da ba za a sa shi ba, musamman ɓangaren nukiliya na jiragen ƙarƙashin ruwa da ake ƙerawa a garin Barrow. Haka inda fasahar Amurka ta shiga, kamar ɓangaren baya na jirgin yaƙi F-35 da ake haɗawa a Samlesbury ta Ingila, dokar ITAR, wato dokar Amurka kan fitar da fasahar makamai, tana duba ƙasar mutum kafin ya ga zane. Ka tambaya tun ranar farko.

In an kai ga tantancewa, faɗi gaskiya tsaf. Za a duba bashinka da tarihinka wajen 'yan sanda, a matakin DV kuma a zaunar da kai a yi maka tambayoyi har kan abin da kake jin kunyarsa. Kuɗin da kake aika wa iyaye duk wata, adashin da ka shiga, kawunka da ke aikin soja a gida, tafiye-tafiyenka, duk ka bayyana. Babu laifi a ɗayansu. Abin da masu tantancewa ke tsoro shi ne sirrin da wani zai riƙe ya matsa maka da shi gobe. Bashin da ka faɗa ana iya fahimtarsa. Wanda suka tono da kansu ya nuna ba a amince da bakinka ba. In ka yi aure bayan an ba ka izini, ka sanar.

Sai harshe da waya. Kada ka ɗauki hoton wurin aiki, kada ka sa katin shaidarka a WhatsApp don dangi su sa albarka, kada ka tura zane zuwa imel ɗinka don ka ƙarasa a gida. A 2021 hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, MI5, ta ce an tuntuɓi 'yan Birtaniya sama da 10,000 ta shafukan bogi na neman aiki irin na LinkedIn. Baƙo ya yaba maka, ya nemi ɗan rahoto a biya ka da tsoka, kai maganar ga jami'in tsaron kamfani a ranar.

A bakin aiki ma ɓoyon ne ke kisa. Ka tabbata zanen da ke hannunka shi ne sabon fitowa. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri, duba ranar da aka daidaita ta kafin ka taɓa noti. Kowane kayan aiki yana da gurbinsa a jikin allo. In ɗaya ya ɓata, a tsayar da aiki har a gan shi, domin wosha guda a cikin injin jirgi ta isa. Ka huda rami ya kauce daga awo, rubuta rahoto, injiniyan zane ya yanke hukunci. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gani da idonka ba, ko da na sama da kai yana gaggawa.

Ranar 2 ga Satumba 2006 jirgin sojan saman Birtaniya Nimrod XV230 ya kama da wuta kusa da Kandahar a Afghanistan jim kaɗan bayan ya sha mai a sama, sojoji 14 suka mutu. Mai ne ya zuba ya taɓa bututun iska mai tsananin zafi. Rahoton binciken hatsarin da lauya Haddon-Cave ya fitar a 2009 ya gano cewa takardun tabbatar da lafiyar jirgin cike suke da kurakurai, an miƙa aikin kamar an gama alhali haɗura masu yawa ba a tantance su ba. Irin waɗannan takardu ne za a fara ɗora maka a shekararka ta farko.

Kuma ka zauna da zuciyarka kafin ka karɓi aikin. Makami kake ƙerawa, ba kai za ka zaɓi mai saye ba. Jiragen Typhoon da aka sayar wa Saudiyya sun yi aiki a yaƙin Yaman. Ka yi shawara da iyayenka da malamin da ka yarda da shi tun kana waje, kafin a buɗe maka sirrin da dokar ƙasa za ta ɗaure ka da shi har bayan ka bar aikin.