Ina Waɗanda Aka Tasa Suka Kwana? Nasiha Ga 'Yan Uwana Matasa

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma gara mu faɗa wa junanmu gaskiya a kanta tun kafin wani ya faɗa mana da gatse. Idan aka turo katafila ta rushe kasuwa ko unguwa, ba ma tambayar ko an bi doka, ko an biya diyya, ko ina mutanen za su dosa. Abin da muke fara dubawa shi ne launin hular wanda ya ba da umarnin. In namu ne, sai mu ce ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In na wancan ɓangaren ne, sai mu ce zalunci ne tsagwaronsa. Haka muke yi da jirgin ƙasa, haka muke yi da gadar sama. Shugabanni kuwa sun gane wannan lagon namu. Sun san duk abin da suka yi, rabinmu za su kwana suna kare su a Facebook ba tare da an ba su ko sisi ba.

Mu ɗauki abin da ya faru a Kano. An rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma ba a rufa mako ba rusau ya kankama: gine-ginen filin sukuwa, otal ɗin Daula, shagunan da ke jikin Filin Idi, har da shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Hujjar sabuwar gwamnati a kan yawancinsu ita ce filayen jama'a ne gwamnatin Ganduje ta cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Maganar cefanar da filin makaranta ko na masallaci ba ƙaramar magana ba ce, kuma duk mai kishin Kano ya kamata ta dame shi. To amma ɗan kasuwar da ya sayi shago bai sato shi ba. Kuɗi ya biya, takarda aka ba shi mai tambarin gwamnati. Wata gwamnatin ta sa hannu, wata ta rushe, shi kuma ya tashi a tutar babu. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ku tsaya ku yi tunani: daga aljihun wa wannan kuɗin zai fita? Ba daga aljihun jami'in da ya sa hannu a takardar sayarwa ba, ba kuma daga na wanda ya turo katafila ba. Daga baitulmalin jiha ne, wato kuɗin allon makarantar ƙannenmu da maganin asibitin iyayenmu. Mu kuwa a lokacin me muke yi? Waɗansu na rawa, waɗansu na tsinuwa. Waɗansu kuma, abin takaici, sun ɗauki guduma sun tafi kwasar rodi da ƙofofi suna kiran abin ganima, har ragowar gini ya rufta a kan wasu. Ganima a kan dukiyar ɗan uwanka da ke tsaye yana hawaye? Wallahi wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Kada wani ya ce gefe ɗaya na taɓa. A Kaduna, Malam Nasir El-Rufai ya ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019, kuma duk wanda ya san Kawo da can ya ga gadarta yanzu ba zai ce ba a yi aiki ba. An yi tituna, an buɗe gari. Amma a cikin wannan yunƙurin ne aka rushe Kasuwar Barci a Tudun Wada a watan Maris na 2020, ana dab da kullen korona. Mai tebur ɗin gwanjo ba shi da jarin da zai jira shekaru a gama ginin zamani, kuma in an gama ɗin ma kuɗin shago ya fi ƙarfinsa. Masu yabon titin sun ƙi su ga wannan, masu kukan kasuwar kuma sun ƙi su ga titin. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai hankali yana iya riƙe su tare.

Na taɓa tsayawa a wata unguwa washegarin rusau. Ƙura ba ta gama kwantawa ba. Ga ɓarin bango da jan fentin nan da aka zana masa, alamar da ake yi kafin a zo. Wata uwa tana zaune a kan ƙullin kayanta, tukunya a gefe, katifa a naɗe, tana tona ɓaraguzai da hannu tana neman katin asibitin ɗanta. Yaran sun sa kayan makaranta tun safe, don ba wanda ya gaya musu yau ba makaranta. Mijin yana can yana ciniki da 'yan jari-bola a kan kwanon rufin da ya lanƙwashe, ko ya samu na motar da za ta kai su gidan dangi. Ba su yi zagi ba. Matar dai tana ta maimaita cewa shekara da shekaru suna biyan haya ga wanda ya ce filinsa ne.

Wannan maganar tata ita ce zuciyar al'amarin. Babu unguwar da ke tsirowa dare ɗaya. Kafin gida ɗari su tsaya a wurin da aka hana, akwai dillalin da ya yi awon igiya, akwai wanda ya shaida ciniki, akwai jami'in da ya zo ya ga ana aza harsashi ya karɓi na goro ya juya, akwai ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a har ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Ranar rusau duk waɗannan sai su ɓace, a bar talaka da sunan ɗan kama-wuri-zauna.

Ba yau aka fara ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta share unguwar Maroko a Legas bayan wa'adin kwana 7, aka tarwatsa mutum kimanin 300,000, kuma yau wannan ƙasa tana cikin mafi tsada a Najeriya. A 2016 da 2017 an yi wa unguwar Otodo Gbame, ita ma a Legas, haka, duk da kotu ta ce a dakata. A watan Nuwamba na 2024 an rushe unguwar Ruga da ke gefen layin jirgin cikin Abuja. Kada ku ce nesa ne. Irin waɗannan wurare su ne masaukin 'yan ci-raninmu, masu gadi da masu ga-ruwa da masu wankin takalmi. Mutum ba ya narkewa don an rushe ɗakinsa. Yana komawa ƙarƙashin gada, ko kango, ko benci a tashar mota. A da, baƙo ba ya rasa makwanci a ƙasar Hausa, saboda akwai zaure, akwai masallacin unguwa da ba a kullewa. Yanzu gidajenmu get ne da katanga, masallatai kuma ana sa musu kwaɗo bayan isha saboda tsoro. Sai a wayi gari a sake turo jami'ai su kwashe masu kwana a ƙarƙashin gadar a ce ɓata-gari ne.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gidan Abbas ya shiga cikin awon, Abbas ya ƙi sayarwa. Halifa bai rushe ba. Gaban alƙali suka je, Ubayyu ɗan Ka'abu ya ba Abbas gaskiya, sannan Abbas ya bayar da gidan don kansa. Masallacin Madina ke nan fa, ba rukunin shaguna ba. Dokar ƙasa ma ba ta sakar wa kowa linzami ba. Dokar filaye ta 1978 cewa ta yi ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon ƙwace fili don buƙatar jama'a, sashe na 29 ya wajabta diyyar abin da aka gina ko aka shuka, sashe na 44 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a biya ba da jinkiri ba, kuma mai hakki yana iya zuwa kotu. Mu nawa ne muka san wannan? Mun fi sanin jerin 'yan wasan Turai.

Yanzu mu zo kan jirgin ƙasa, don maganar ɗaya ce. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Shi ya ɗauki gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, shi ya raya Zariya da Kafanchan da Gusau. Kakanninmu da kuɗi kaɗan suke hawa da buhunansu har Ikko. Sannan aka bar hukumar reluwe ta mutu a tsaye. Taragu suka yi tsatsa, ciyawa ta rufe diga, filayen da ke gefen layi suka cika da rumfuna da ɗakunan langa-langa, kuma akwai masu karɓar haya a kansu. Ranar da gwamnati ta tuna da dogo, waɗanda aka bari suka zauna shekara talatin su ne farkon waɗanda za a tasa.

An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, kilomita 186, da bashin dala miliyan 500 daga wani bankin ƙasar Sin. Mun yi murna, kuma mun cancanci murna, don hanyar mota ta zama tarkon masu garkuwa. Amma murnar ta hana mu tambaya. Shekaru mutane suna kuka da 'yan bumburutun tikiti a tashar Rigasa ta Kaduna da ta Idu a Abuja kafin a kawo sayarwa ta intanet a 2021. A watan Oktoba na 2021 an dasa bam a kan layin, gargaɗi ƙarara. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin harin da ya girgiza ƙasa: an kashe mutane, an tafi da fiye da 60 cikin daji, kuma sai ranar 5 ga Oktoba aka sako 23 na ƙarshe. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin tsaro na kusan naira biliyan 3 ba a amince ba. Wannan magana kaɗai ta isa a ce matasan Arewa sun tsaya kai da fata sai an bayyana wanda ya yi sakaci da dalilinsa. Mun yi addu'a, Allah Ya karɓa, mun canza hoton shafinmu, sannan kakar zaɓe ta shigo muka koma faɗan jam'iyya. Jirgi ya dawo aiki a watan Disamba na 2022, bashin kuwa yana nan, kuma mu da 'ya'yanmu za mu biya.

Sai dai ba mu da bakin tuhumar kowa idan da hannunmu ake kwance ƙarafan diga ana sayar wa 'yan gwangwan. Wanda ya cire ƙusa ɗaya daga layin dogo yana iya kifar da tarago cike da mutane, kuma wataƙila mahaifiyarsa tana ciki. Ku ji tsoron Allah, ku kuma hana abokanku.

To me za mu yi? Ba zanga-zanga nake kira ba, ba kuma zagin manya ba, don zagi ba ya dawo da rufin kowa. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya takarda ya nemi kwafin kwangila ko bayanin kashe kuɗi, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa. Takarda ɗaya ce, ba ta buƙatar lauya. Ƙungiyoyinmu na unguwa da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallo da walimar Sallah suna iya zama su rubuta ta. In ba a amsa ba, a kai wa gidan rediyo kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A watan Maris na 2023 kuma an gyara kundin tsarin mulki, jihohi suka samu ikon shimfiɗa nasu layin dogo, don haka gwamna da ɗan majalisar jiha ba za su ƙara cewa wannan hurumin Abuja ne kaɗai ba. In ɗan majalisarku ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku tambaye shi: ranka ya daɗe, aikin da za a yi a unguwarmu, gida nawa zai ci, nawa aka ware na diyya, kuma ina aka tanadar wa 'yan haya?

Ga gwaji yana tafe a ƙofar gidanmu. Layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2, yana ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ga kuma na Kaduna zuwa Kano. Ina fatan a gama su, don 'yan kasuwar Dawanau da na Maraɗi sun daɗe suna wahala da manyan motoci. Amma duk inda aka ce tasha za ta zauna, dillalai za su riga kowa isa, su saye gonaki a hannun tsofaffin da ba su san me ke tafe ba. Kai da ka yi karatu, je ka zauna da baffanka kafin ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Ku ɗauki hoton gona da gida da bishiyoyi da rijiya, ku adana takardar ciniki da rasit na haraji, ku nemi a nuna muku jerin sunayen masu karɓar diyya a gaban mai unguwa, ku duba ko an tsallake marayu da matan da mazansu suka rasu.