Halibut: An bar jaki ana dukan taiki a tekun Alaska

Daga watan Janairun 2026, duk baligin da ya hau jirgin ruwa na haya mai kai masu fatsa teku a kudancin Alaska da niyyar ya kamo halibut, wani babban faffaɗan kifin teku, ya tafi da shi gida, sai an saya masa kan sarki na dala 20 a kowace rana. Kuɗin za su taru ne a asusun wata ƙungiya da aka kafa domin ta riƙa sayen rabon kifi daga hannun masunta 'yan kasuwa tana ƙara wa masu jiragen haya. Wato dai an ce wa mai fatsa: rabonka ya yi kaɗan, to haɗa kuɗi ka sayi ƙari a wurin maƙwabcinka. Kuma ana tallata wannan a matsayin mafita. Na san masu jiragen hayar ne da kansu suka nemi tsarin tun shekaru da suka wuce, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Wannan kan sarki ya zo ne a bayan ragin da hukumar haɗin gwiwar Amurka da Kanada mai kula da halibut, IPHC, ta yi a taronta na Vancouver a Janairun 2025, inda ta zaftare kusan kashi 16 cikin 100 na kifin da za a kashe a shekara, daga kimanin tan 16,000 zuwa kimanin tan 13,500. A 2022 adadin ya haura tan 18,000. Ba ni da ja a kan ragin. Kifin ya yi ƙasa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba yana yaudarar kansa ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waƙar da ake rerawa bayan kowane taro, cewa kowa ya ɗauki nasa kason na sadaukarwa, kuma kimiyya ce ta yanke hukunci. Duka biyun ba gaskiya ba ne.

Mu fara da mai fatsa. A kudu maso gabashin Alaska, wajen Sitka da Ketchikan, wanda ya biya jirgin haya kifi ɗaya tak aka yarda ya riƙe a rana. A 2024 kifin nan sai ya kasance bai wuce inci 40 ba, ko kuma ya kai inci 80. Daga tsakiyar Yuli aka sake matse ƙaramin awon zuwa inci 36, aka kuma rufe wasu ranakun Juma'a. Mutum ya taso daga wata jiha mai nisa, ya biya jirgin sama da masauki, ya biya ɗaruruwan daloli na kujera a jirgin ruwa, ya yi ta naɗe igiya daga ƙarƙashin teku har kafaɗunsa suka yi tsami, sai ga faffaɗan kifi ya taso, bayansa duhu cikinsa fari fat, idanunsa biyu a gefe guda. Yaron jirgi ya gwada tsawonsa a bakin ruwa, inci 50, wajen kilo 27. Ya yi wa ƙaramin awo girma, ya yi wa babban ƙanƙanta. Sai a zare ƙugiya a sake shi. Idan kuma ya mutu bayan an sake shi, kamar yadda wasu kan yi, ana ƙiyasta wannan a cire daga rabon masu jiragen haya. Inci 80 kuwa kifi ne da ya fi mutum tsawo, wajen kilo 125, kuma akwai direbobin jirgi da kan gama kaka ba su ga irinsa ba.

A yankin tsakiya, wajen Homer da Seward da Kodiak, kifi biyu ne, amma na biyun a 2024 bai wuce inci 28 ba, wajen kilo huɗu. Laraba an daɗe da haramta ta, Talata ma ana ta gutsurarta. Mai jirgi na da 'yan watannin zafi ne kawai da zai nemi abincin shekara ya biya bashin banki, kuma a cikinsu ake cire masa rana ɗaya ko biyu a mako.

To ga abin mamakin. A ruwa ɗaya, a rana ɗaya, wanda ya zo da kwale-kwalensa na kansa yana da damar riƙe kifi biyu na kowane girma, Litinin zuwa Lahadi. Babu awo, babu ranar hutu, babu kan sarkin dala 20. Dokar ba ta duba kifin ba, ta duba ko kana da abin sayen jirgi. Kuma masu wayo sun daɗe da gano ƙofar: akwai masaukai da ke ba baƙo hayar kwale-kwale ba tare da direba ba, a nuna masa wuraren kifi a na'ura, ya fita a matsayin mai zaman kansa ya kwaso biyu manya. Majalisar da ke kula da kamun kifi a arewacin Fasifik ta tattauna batun, sannan ta ajiye shi. Mai jirgin haya yana rubuta kowane kifi a littafin da hukuma ke karɓa, shi kuwa mai zaman kansa sai daga baya a aika wa wasu takardar tambayoyi ta gidan waya a ƙiyasta. Wanda ake iya ƙirgawa shi ake matsewa.

Amma wannan ma ƙaramin alhaki ne idan aka zo kan jiragen jan taru na tekun Bering, da ke yammacin Alaska.

Yadda lissafin yake tafiya shi ne, hukumar IPHC ta faɗi jimillar kifin da za a kashe. Kafin a raba komai, sai a ware abin da ake sa ran masu kwale-kwalen kansu za su kama, da na masu kamawa don ci a gida, da kuma wanda manyan jirage za su kashe bisa kuskure yayin da suke neman wani kifin daban. Abin da ya saura shi masu jiragen haya da masuntan mamari ke rabawa, a ƙarƙashin tsarin da ya fara aiki a 2014, inda masu haya ke samun abin da bai kai kashi 19 cikin 100 ba. Saboda haka duk shekarar da kifi ya ragu, waɗannan biyun ne ke jin zafin kai tsaye, su ne kuma ake zuwa a gani suna cacar baki a zauren taro kamar kishiyoyi, alhali wanda ya ɗebi nasa tun a tukunya yana zaune a gefe.

Jiragen jan tarun nan ba su kai yawan da mutum zai zata ba, kusan 20 ne, na kamfanoni 'yan ƙalilan da galibinsu ke da mazauni a wajen birnin Seattle na jihar Washington. Masana'antu ne masu tafiya a kan ruwa. Suna jan katafaren taru a ƙasan teku suna neman wasu faffaɗan kifaye masu araha da ake daskararwa a kai kasuwannin Asiya, kuma a wannan ƙasan tekun ne 'ya'yan halibut ke kiwo. Idan aka zazzage tarun, tan-tan na kifi ya danne na ƙasa, ma'aikata su tsince halibut su mayar ruwa, domin doka ta hana su sayar da shi. Wasu su rayu, da yawa an riga an murƙushe su. Shekara da shekaru iyakar halibut ɗin da aka yarda waɗannan jirage su kashe ba ta dubawa ko kifi ya yi yawa ko ya yi ƙaranci. Sai a 2015 aka rage ta da kashi 25 cikin 100, daga tan 2,325 zuwa 1,745, kuma a shekarun da suka biyo baya ba sa ma kaiwa ga iyakar, wato wani ɓangare na ragin a takarda ya tsaya. A Disambar 2021 majalisar ta amince, da ƙuri'a 8 da 3, a ɗaure iyakar da yawan kifin da ke teku. Sai a 2024 dokar ta fara aiki, iyakar ta sauko tan 1,396. Kamfanonin ba su ma jira ba suka garzaya kotu, kuma kotun tarayya a Alaska ta yi watsi da ƙorafinsu.

Ana nuna mana wannan a matsayin babbar nasara. Ni kuwa abin da na gani shi ne, adadin halibut da aka halatta wa jirage kusan 20 su kashe su zubar bai yi nisa ba da rabon ɗaruruwan jiragen haya na yankunan nan biyu gaba ɗaya. Kuma ko kifin ya faɗi warwas, dokar ba ta yarda iyakar ta sauka fiye da kashi 35 cikin 100 ba. An yi musu daɓen da ba za su wuce ƙasa da shi ba. Wane ne ya yi wa mai jirgin haya na Homer irin wannan daɓen? Wane ne ya yi wa mutanen tsibirin St. Paul da ke tekun Bering, 'yan asalin yankin da halibut ne ginshiƙin rayuwarsu, waɗanda suka ga shekarun da kifin da aka zubar a yankinsu ya fi wanda aka yarda su kama?

Kuma awo da tan yana ɓoye ɓarnar. Abin da taru ke kashewa galibi ƙanana ne, don haka tan ɗaya a wurinsu kawuna ne masu yawa. Halibut ba ya girma da wuri. Macen sai ta kai wajen shekara 12 kafin rabin sa'o'inta su fara ƙwai, tana iya rayuwa fiye da shekara 50, kuma kusan duk manyan da ake ɗaukar hoto da su mata ne. Suna ƙwai da hunturu a ruwa mai zurfi, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan zuwa yamma da arewa, idan sun tasa da yawansu su yi ƙaura su koma gabas da kudu. Ɗan kifin da ya mutu a taru a Bering, mai yiwuwa shi ne wanda da zai faɗa fatsar wani a Kodiak ko a gaɓar Kanada bayan shekara goma.

Kamfanonin za su ce suna samar da ayyukan yi da ɗimbin abinci, kuma sun rage ɓarna sosai idan aka kwatanta da shekarun 1990. Madalla, ɓarawon da ya rage sata ma yana iya neman lambar yabo. Masuntan mamari za su tuna mana cewa daga 2004 zuwa 2010 masu jiragen haya na kudu maso gabas sun yi ta wuce iyakarsu. An yi haka, an kuma ɗaure su tamau tun tuni, da lasisin da aka taƙaita a 2011 da tsarin 2014, sai a nemi wani zancen.

Masana kuma za su ce matsalar ta fi ƙarfin taru, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya. Kifin kansa ya tsumbure: macen da ta shekara 20 a yankin tsakiya tana kai kilo 55 a 1988, amma zuwa 2014 sa'arta ba ta wuce kilo 20 ba. Ana danganta wannan da ɗumamar ruwa, da gasar abinci da wasu kifaye, da kuma daɗewa ana tsince masu saurin girma. Sabbin haihuwa masu yawa sun yi wuya tun bayan na 2005. To sai me? Zafin teku ba ya hannun majalisa, amma taru yana hannunta. Idan haihuwa ta yi ƙaranci, ai wannan ne dalilin da zai sa a tsare yaran da aka samu, ba dalilin ɗaga kafaɗa ba.

Batun cewa kimiyya ce ke yanke hukunci kuwa, a bar shi kawai. Masanan hukumar suna binciken teku duk shekara su kawo teburin da ke nuna haɗarin kowane adadi, amma kwamishinoni shida, uku daga kowace ƙasa, su ke zama su yi ciniki. A 2018 sun tashi baram-baram, kowace ƙasa ta sa nata adadin. A 2019 aka yanka wa gaɓar Washington da Oregon da California wani kaso tsayayye na kimanin tan 750 a shekara, aka kuma yi wa Kanada nata lissafin na musamman. Wataƙila akwai hujjar yin haka, tunda akwai haƙƙin ƙabilun asali da kotu ta tabbatar a 1974, amma sunansa siyasa. Hukumar da aka kafa tun 1923, da yarjejeniyar farko da Kanada ta sa wa hannu ba tare da Birtaniya ba, ta isa ta daina fakewa a bayan masana. Ita ma majalisar arewacin Fasifik, cikin kujeru 11 masu ƙuri'a babu ko ɗaya da doka ta keɓe wa ƙabilun Alaska. Ba banza ba Mary Peltola, 'yar ƙabilun asali na Alaska, ta ci zaɓen majalisar wakilan Amurka a 2022 da kifi a sahun gaba na kamfenta.

A Argungu, idan aka rufe Matan Fada an rufe shi ne ga kowa, Sarkin Ruwa ba ya cewa mai gora ya dakata amma mai babban taru ya wuce. Abin da ake buƙata a Alaska bai wuce wannan hankalin ba. Duk kason da aka rage wa mai fatsa da mai mamari a shekara, a rage wa mai taru daidai da shi, a cire daɓen nan na kashi 35. A rufe wuraren kiwon ƙananan halibut ga taru a lokutan da aka san suna taruwa. A sa mai kwale-kwalen kansa da mai hawa na haya a ƙarƙashin doka ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya kama. Idan kuma dole sai wani ya biya kuɗin sayen rabo, a fara aika takardar biyan zuwa Seattle kafin a tare ɗan yawon buɗe ido a bakin jirgi a karɓi dala 20.