Bikin hotuna na Bamako: idan aka sauke hotunan daga bango, me ya rage wa gari?

A shekarar 1991 an yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Cikin kayan da aka rataye akwai wasu hotuna baƙi-da-fari na mutanen Bamako, a ƙarƙashinsu kuma aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Alhali mai hotunan yana nan da ransa a Bamako, ya yi ritaya, dubban nagatif ɗinsa, wato asalin fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, suna ajiye a gida. Sunansa Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a unguwar Bamako-Kura tun 1948. Wani Bafaranshe, André Magnin, mai nemo wa attajiri Jean Pigozzi kayan fasaha, ya sauka Bamako da kwafin hotunan yana cigiya. Malick Sidibé, shi ma mai hoto ne, kallo ɗaya ya yi musu ya ce aikin Keïta ne. A 1994 aka baje hotunan Keïta a Gidauniyar Cartier da ke Faris, kuma a shekarar ce aka buɗe bikin hotuna na Bamako karo na farko.

Bikin, wanda ake kira Rencontres de Bamako, ana yin sa duk bayan shekara biyu. Ma'aikatar al'adu ta Mali da hukumomin al'adu na Faransa ne suka daɗe suna ɗaukar nauyinsa tare. Ana rarraba hotunan a Gidan Tarihi na Ƙasa, da Fadar Al'adu ta Amadou Hampâté Bâ da ke bakin kogin Neja, da gidan tunawa da Modibo Keïta, shugaban Mali na farko, da wasu ƙananan zauruka. Babbar kyautar bikin sunan Seydou Keïta take ɗauke da shi. A wannan nahiya babu bikin hoto da ya kai shi daɗewa da suna.

Ra'ayina shi ne an daɗe ana auna wannan biki da mudun da bai dace ba. Ana ƙirga masu hoto nawa ne suka fita daga Bamako zuwa bangon Faris da Landan. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce abin da mutanen Bamako suka gani, da abin da ya zauna a hannunsu bayan baƙi sun koma filin jirgi.

Kafin suka, a ba bikin haƙƙinsa. Samuel Fosso ya isa hujja. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, yaƙin Biyafara ya raba shi da ƙasar Ibo inda ya taso, ya tsinci kansa a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, inda ya buɗe shagon hoto a 1975 yana ɗan shekara 13. Da dare, idan fim ya rage bayan an sallami masu zuwa, sai ya sa tufafi ya ɗauki kansa don ya aika wa kakarsa a Najeriya. Waɗannan hotunan ne aka kai Bamako a 1994, ya ci kyauta, duniya ta san shi. A 2023 ya karɓi kyautar masu hoto ta Deutsche Börse a Landan. Ba don Bamako ba, mai yiwuwa har yau mai hoton fasfo ne a wani lungu. Haka kuma ba ƙaramin abu ba ne cewa bikin ya farfaɗo bayan juyin mulkin 2012 da yaƙin arewacin Mali sun sa an soke na 2013. Wadda ta jagoranci dawowarsa a 2015 'yar Najeriya ce, marigayiya Bisi Silva, wadda ta kafa cibiyar fasahar zamani a Yaba ta Legas. Hotuna na rataye a bango aka kai hari otal ɗin Radisson Blu ranar 20 ga Nuwamba, aka kashe kimanin mutum 20. Garin da zai iya baje hoto cikin irin wannan hali bai cancanci a raina ƙoƙarinsa ba.

Sai dai ƙorafin da aka daɗe ana yi yana nan. Makon buɗewa shi ne bikin. A nan ne masu tsara baje koli, dillalan fasaha da 'yan jarida suke sauka daga jirgi, a yi jawabai, a raba kyaututtuka, a ƙulla ciniki. Bayanin da ke jikin bango da Faransanci da Ingilishi yake, a garin da harshen kasuwa da na gida Bambaranci ne. Mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, wadda wataƙila kakarta ce ke cikin firam, babu abin da ya ce mata wannan zaure nata ne. Abin ya zama kamar a yi biki a tsakar gidanka, kai kuma kana leƙe ta katanga.

Abin takaicin shi ne Bamako ta san baje kolin hoto tun kafin wani ya zo ya koya mata. Malick Sidibé, wanda shagonsa ke unguwar Bagadaji, a shekarun 1960 yakan kwana yawon wuraren rawar matasa da ƙaramar kyamararsa. Kafin gari ya waye ya koma shago ya wanke fim, ya buga ƙananan hotuna, ya manna su a jikin kwali, kowane da lambarsa, da sunan ƙungiyar da ta shirya rawar da kwanan wata. Da rana samari da 'yan mata su cika ƙofar shagon, a yi ta nuni da yatsa ana dariya, wanda ya ga kansa ya faɗi lamba ya biya a buga masa. Har wanda bai je rawar ba yakan zo kallo. Ga zaure, ga masu kallo, ga ciniki, kuma kowa ya san sunan kowa. Shahararren hotonsa na 1963, saurayi cikin kwat da budurwa ba takalmi suna rawa goshinsu na neman haɗuwa, daga irin wannan dare ya fito. A 2007 bikin fasaha na birnin Venice na Italiya ya ba Sidibé lambar yabo ta Zakin Zinariya, shi ne mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya samu wannan girmamawa ta aikin rayuwa. Ina shakkar ko an taɓa kallon wannan hoto a Turai da irin idon da aka kalle shi a Bagadaji.

Batun girman hoto ma abin dubawa ne. Matar da ta shiga shagon Keïta a 1955 ta ci ado, ta kishingiɗa a gaban labule mai zane, ko ta dafa rediyon da mai shago ke ara wa masu zuwa, abin da ta biya ta karɓa ɗan hoto ne wanda bai wuce tafin hannu da yatsu ba, santimita 13 da 18. Na miji ne, ko na uwa, ko na aika wa dangi a ƙauye. Yau wannan hoton ya fi mita tsawo, yana bangon gidan wanda bai san inda Mali take a taswira ba, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta "babu suna". An gano mai ɗaukar hoton, ita ba a neme ta ba. Waɗanda za su iya cewa "wannan ai wance ce, matar wane mai aikin jirgin ƙasa" yanzu shekarunsu sun haura tamanin, kullum raguwa suke. Adalci ne a faɗi cewa Keïta da kansa ya yi farin ciki da ya ga aikinsa a manyan takardu, ya ce a ranar ya tabbatar aikinsa mai kyau ne. Amma bayan rasuwarsa a Faris a 2001, rigimar da ta tashi kan nagatif ɗinsa da wanda ke da ikon bugawa, tsakanin dillalai da masu tara kaya da magada, ta kai har kotu. A cikin masu jayayyar babu ko ɗaya daga mutanen da ke cikin hotunan.

Akwai masu cewa wannan duk son zuciya ne na masu sharhi. Hujjarsu ita ce fasaha ba ta buƙatar cincirindo, mai hoto yana buƙatar mai saye, mai sayen kuma a Turai da Amurka yake. Suna ƙarawa da cewa da ba a kwashi nagatif ɗin an kai inda ake da sanyi da kulawa ba, da zafi da ƙura da gara sun gama da su. Rabin wannan magana gaskiya ne, ba na musu. Matashin da ya kashe kuɗinsa ya je arewacin Mali ko gaɓar tafkin Chadi ya ɗauko abin da ba kowa zai iya ɗaukowa ba, yana da haƙƙin ya ci guminsa, kuma mako ɗaya a Bamako na iya haɗa shi da wanda zai buga masa littafi. Inda na rabu da su shi ne a ce zaɓi biyu ne kawai, ko a fitar ko a bari ya lalace.

Hanya ta uku an gwada ta a Malin kanta. Wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka da Gidan Hotunan Afirka da ke Bamako ya tsabtace nagatif kimanin 100,000, ya ɗauke su a kwamfuta, ya sa su a intanet, asalin kuma ya zauna a hannun iyalan masu su. Ayyukan mutum biyar ne: Sidibé, Mamadou Cissé, Adama Kouyaté, Abdourahmane Sakaly, da Tijani Sitou, Bayarabe ɗan asalin Najeriya da ya kafa shago a Mopti. Wannan aiki ba shi da daren buɗewa, ba a gayyatar jakadu, amma shi ne zai sa jika ya iya ganin kakansa nan da shekara hamsin. Wanda yake ganin ajiya ƙaramin lamari ne ya tuna abin da ya sami Fosso a farkon 2014, lokacin rikicin Bangi. Yana Faris aka fasa gidansa, aka watsar da nagatif na shekaru da dama a ƙasa. Wasu 'yan jarida masu ɗaukar hoto da wani jami'in kare haƙƙin bil'adama ne suka ci karo da su, suka tattara cikin buhuna. Mutumin da manyan gidajen tarihi na duniya ke rataye aikinsa, tarihin shagonsa sa'a ce kawai ta cece shi.

Dalilin da ya sa bikin ya fi kallon waje ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Muddin wani babban kaso na kuɗi da tsari daga Faris yake zuwa, dole a yi abin da zai gamsar da Faris. Yanzu kuwa lissafin ya sauya. A 2022 Mali ta kori jakadan Faransa, sojojin Faransa suka fice, a 2023 sabon kundin tsarin mulki ya sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma. Duk da haka an yi bikin a ƙarshen 2022, an sake yi a ƙarshen 2024. Ko mutum yana goyon bayan sojojin da ke mulki ko yana adawa da su, uzurin cewa baƙo ne ke hana a juyo da fuska gida ya ragu. Sauran haɗarin ma a bayyane yake: gwamnatin da ke biyan kuɗin bango tana iya son ta zaɓi abin da za a rataya, kuma hoton sansanin 'yan gudun hijira ba ya daɗin kallo ga mai mulki.

Legas ta gwada wani abu dabam. Bikin LagosPhoto, wanda Azu Nwagbogu ya fara a 2010, ya riƙa kafa manyan hotuna a fili, a shataletalen Falomo da lambun Muri Okunola. Unguwannin masu hali ne, gaskiya, amma direban bas da mai tallan ruwa suna wucewa ta nan, kuma ba mai gadin da zai tambaye su katin gayyata.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin irin shagon Keïta da na Sidibé babu babban garin da bai yi shi ba daga Kano zuwa Zariya, daga Damagaram zuwa Maraɗi. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki daren birnin na shekarun 1960 da 1970 kamar yadda Sidibé ya ɗauki na Bamako. Hoton sallah, hoton amarya da ƙawayenta, hoton alhaji ranar dawowa, hoton ɗalibi riƙe da biro a gaban labule mai zanen bene: duk wani ne ya ɗauka, kuma nagatif ɗin a wurinsa ya zauna. Wayar hannu ta rufe yawancin shagunan. Idan mai shago ya rasu, magada kan ga tarkace ne ya cika ɗaki.

Don haka duk hukuma ko ƙungiyar da ke tunanin shirya bikin hoto a ɗaya daga garuruwanmu, kafin ta ware kuɗin tikitin baƙi da otal, ta fara ware na bin tsofaffin shaguna, da na'urar ɗaukar nagatif zuwa kwamfuta, da yarjejeniya a rubuce wadda ta bar asali da haƙƙi a hannun magada. Bayanin bango ya zama da Hausa, a karanta shi a rediyo. A kai kwafin hotuna unguwar da aka ɗauke su, a zauna da dattawa su faɗi sunaye. Kuma a nemi izini, domin a wurinmu hoton uwa tana budurwa ba abin da ake rataya wa jama'a ba ne haka kawai. Wasu iyalai za su yi murna har su kawo nasu albam a ƙara. Wasu za su ce ba su yarda ba, kuma sai a rubuta sunan, a ba su kwafinsu, a mayar da nagatif ɗin akwati.