Masu gyaran kwamfuta, ku daina alkawarin minti biyar

Ƙannena masu koyon gyaran kwamfuta a nan Sakkwato, akwai wata ɗabi'a da nake so ku bari. Da an kawo laftof an ce an manta kalmar sirrin BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe, sai ku zaro filash daga aljihu, ku ce wa mai kaya ya zauna, minti biyar ta buɗe. Wa ya ba ku wannan tabbacin?

Gaskiya ne ana shirya filash da manhajar Rufus, a ɗora FreeDOS, wani ƙaramin tsarin DOS, da manhaja irin CmosPwd, a tayar da kwamfuta daga can a goge abin da ke cikin CMOS, ma'ajiyar saitin BIOS. Amma wannan dabara tsofaffin injuna take ci, kuma sai in kwamfutar ta yarda ta tashi daga filash ɗin. In kalmar sirrin tun wurin kunnawa take tare hanya, ku danna F12 ko F9 har yatsa ya gaji, ba inda za ku. Sababbi masu UEFI, magajin BIOS, da tsaron Secure Boot kuwa ba sa ko kallon DOS.

Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta ma buƙatar filash. A zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira 'yan mintuna a mayar. Sai dai lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙayau, ku fara taɓa ƙarfen akwatin kafin ku kai hannu ciki, don lantarkin da jiki ke tarawa yana ƙona kaya.

Laftof daban take. Yawancinsu a wani ɗan cip suke ajiye kalmar, wanda cire batir ba ya shafe shi. ThinkPad da aka manta kalmar mai kula da ita, Lenovo da kansu canza babban allon cikinta (motherboard) suke yi. Kuma kafin ku taɓa komai ku tambaya ko akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanai da shi, don sauya saitin BIOS kan sa Windows ta nemi mabuɗi mai lamba 48. In mai ita ba shi da shi, to furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Ɗanfodiyo na shekarar ƙarshe ya maƙale, kuma wuyanku zai riƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne ba kwa tambayar laftof ɗin ta waye ce. Yaro ya shigo da laftof babu caja babu jaka, yana ta waige, bai san ko sunan da ke kan Windows ɗin ba, ku karɓa don 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Ranar da 'yan sanda suka biyo sawu, shagon maigidanku za su fara tsayawa. Dell da Apple ma sai sun ga shaidar mallaka suke taimakawa. Ku nemi rasit. In ta hannu ce ya saya, ya zo da wanda ya sayar masa, ku rubuta lambar da ke ƙasan injin da lambar wayarsa a littafin shago, ya sa hannu. In ya ce yana sauri, ku miƙa masa kayansa.