Ranar da Aka Ba Ni Aron Motar Tsere

Ina da abokai masu ciwon mota. Mota ba ta isa ta gifta su ƙyale ta ba, sai sun faɗi ƙarfin dokinta da daƙiƙa nawa take yi kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. Ɗaya ya rantse babu mota a duniya sai Porsche 911, wadda tun fitowarta a 1963 injinta yake baya, kuma har yau yana nan. Wani ya ce ina, daɗin tuƙi a rashin nauyi yake, shi ya sa 'yar ƙaramar Mazda MX-5 da ta fito a 1989 aka ƙera fiye da miliyan ɗaya. Na ukun kuwa, duk motar da ba ta da kuloci a wajensa kujera ce aka sa wa taya. Ni tsohuwar Corolla gare ni. In na ce ai tun 1966 ake ƙera ta, an sayar da sama da miliyan 50, sai su dube ni da tausayi, a sauya zance.

To, ran nan tawa tana wajen bakanike ana canja mata birki, ga Kawu zai sauka a filin jirgi. Sai ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini makullin tasa, ja wur, mai kujera biyu. Ya ce, "Je ka ɗanɗana rayuwa, ka daina wahalar da kanka."

Tun daga shiga na san an zo wurin. Ba shiga ake yi ba, faɗawa ake yi. Na sa ƙafa ɗaya, na laluba kujera na rasa, na ci gaba da sauka har na zaci a kwalta zan zauna. Da na tayar, salansa ta yi wata irin kuka da ta sa maƙwabta leƙowa ta taga. Gaskiya a lokacin kaina ya ɗan kumbura. Har na gyara zaman tabarau.

A danjar farko wasu samari suka zaro waya suna ɗauka. Wani mai babur ya matso ya ce, "Yallaɓai, ɗan taka mana ita mu ji!" Na taka totur, ta yi ruri, aka yi shewa. Danja ta ba da hannu, na saki kuloci, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Wayoyin dai ba a sauke su ba. Na sake tayarwa, ta sake mutuwa. Mai babur ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya ba mai ita lafiya," ya wuce abinsa.

Abin da abokaina ba su taɓa ambata ba a duk musunsu shi ne tudun rage gudu. Irin waɗannan motoci tsakanin cikinsu da ƙasa bai fi 'yan santimita goma da wani abu ba, don iska ta danne su kada su yi rawa a guje. A filin tsere hikima ce. A titin unguwa kuwa kowane tudu dutse ne. Sai ka tsaya cak, ka karkata sitiyari, ka haura a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, na bayanka suna ta danna hon. Duk da haka na ji ƙuuu a ƙarƙashi, ƙarar da ta shiga har cikin haƙorana. Daga nan sai cunkoso. Mitar gudu an rubuta mata har 300, amma allurar ba ta san hanyar 40 ba. Kulocin ga tauri, taka saki, taka saki, har ƙafata ta hagu ta soma kyarma ita kaɗai. Wani dattijo mai keke ya wuce ni, na wuce shi, ya sake wuce ni, har muka fara gaisawa.

Kawu mutum ne mai jiki, Masha Allah, ya kuma fito da manyan akwatuna biyu. Ya dubi motar ya dube ni, bai ce komai ba. Na zagaya baya da izza na buɗe. Sai ga inji yana huci. Kawu ya leƙa ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya cika but ɗin da ƙarafa?" Na koma gaba na ɗaga murfi, ashe nan ne ma'ajin, ɗan rami da jakar hannu kawai ya ɗauka. Ganin gaba a buɗe, baya a buɗe, sai mutanen kirki suka taru. Wannan ya ce ruwa ne ya ƙare, wancan ya ce batir ne, wani har ya naɗe hannun riga yana cewa, "Malam, shiga a tura ka." Bayanin cewa lafiyarta lau ya fi tuƙin wuya.

Dole na ɗauki tasi don akwatuna. Kawu kuma muka lanƙwasa shi muka cusa, gwiwa a haɓa. Tayoyin motar siraran ɓawo gare su, ƙafafunta kuma a ɗaure tamau don kada ta karkata a kwana, saboda haka duk tsakuwar da muka taka sai ta isar da saƙo ga ƙugun Kawu. A kowane rami sai ya yi salati. Muna cikin lallaɓa wani tudu a kaikaice sai ga tasin nan ta zo ta haye ko birki ba ta taka ba, akwatuna suna zaune a kujerar baya kamar su ne manyan baƙin. Kawu ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Mun tarar direban ya sauke kaya har ya yi gyangyaɗi. Fito da Kawu sai da ya kama hannu ɗaya na kama ɗaya. Da ya samu ya miƙe, ya dafa baya, ya ƙare wa motar kallo, ya ce, "Wannan abokin naka, kuɗi ne suka gaza masa ya sayo rabin mota? Yaushe za a kawo sauran?"

Da yamma na mayar da amana. Mai ita ko sannu bai ce mini ba, ya kwanta rub da ciki da fitilar waya yana duba ƙasan bamba. Nan take majalisa ta zauna. Shi ya yanke hukuncin cewa motar ba ta da laifi, titi ne bai cancance ta ba. Mai son Mazda ya ce da tasa na ɗauka da na ji daɗi. Na tambaye shi inda zan sa akwatuna a but ɗin da bai fi lita 130 ba, ya ce mai hankali ba ya tafiya da kaya da yawa. Wani ya tuna mana cewa Ferruccio Lamborghini taraktocin noma ya fara ƙerawa kafin ya kafa kamfanin motocinsa a 1963. Na ce da ma taraktar aka ba ni aro, da tuni mun iso har da akwatuna.

Sarkin kuloci shi ne ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Amma tsakani da Allah, ba ka ji kai da titi kun zama abu ɗaya ba?" Na ce ni dai ban sani ba, amma Kawu ya ji, ga shi can kwance ana shafa masa man zafi. Ya kuma aiko a karɓo masa lambar mai tasin nan, don ranar komawa ya ce tare da akwatunansa zai zauna.