Dariyar Me Kuke Yi Wa Iyayenmu Mata?

Assalamu alaikum ƙannena matasa, musamman ku na Birnin Kebbi da kewaye. Yau kwana huɗu wani abu yana cin raina, na ce gara in faɗe shi ko na samu barci.

Ranar Asabar da ta wuce na kai goggona wata makarantar firamare da ke bayan unguwarmu, inda ake ba matan ajin yaƙi da jahilci aron aji bayan la'asar. Malamarsu ce ta shirya musu ɗan taro. Ta ce kowace ta zo da aikin hannun da ta gada, ta rubuta sunansa a takarda da hannunta, ta ajiye kusa da shi. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro. Ga faya-fayan kaba masu rinin ja da kore, ga ƙore da aka yi wa zane, ga tulu da randa, ga huluna ɗinkin allura. Wata ta zo da mazarinta da taskirar auduga, ta zauna tana kaɗi, tana dangwalar alli da yatsa, zare yana fitowa siriri kamar gashi. Goggo faifai biyu ta kai. A takardarta harafi ɗaya ya juya baya, amma ita ta rubuta abinta, mace mai shekara 60 da ɗoriya wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba sai bara.

Can sai aka kira wata tsohuwa ta karanta waƙar daɓe da ta koya wurin kakarta, wadda ta yi makonni tana rubutawa a littafinta. Ta miƙe, hannu yana rawa, ta ɗora yatsa a kan layi tana haɗa baƙi da wasali. Ta yi layin farko lafiya. A na biyu ta cije, ta koma baya, ta sake cijewa. Sai dariya ta tashi daga jikin katanga. Samari ne biyar ko shida, da 'yan mata biyu sanye da kayan makaranta. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarta, wani ya ce da ƙarfi, “Inna, boko da tsufa? Sai a lahira za a ba ki satifiket.” Baiwar Allah ta ninke takardarta gida huɗu, ta soke a gefen zane, ta zauna. Duk rarrashin da malama ta yi ba ta sake tashi ba.

Don girman Allah, mene ne abin dariya a nan? Tsohuwa ta bar jikoki da tukunyar tuwo, ta tako da ciwon gwiwa ta zauna a bencin yara tana koyon a, ba, ca, shi ne ya zama abin nishaɗinku? Tun muna yara ake ce mana gemu ba ya hana ilimi, to furfurar mace ce za ta hana? Allah Ya hana mu yi wa juna izgili a cikin Suratul Hujurat, har Ya ware mata Ya ambace su daban, ta yiwu wadda ake yi wa dariya ta fi mai dariyar alheri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai karatun Alƙur'ani yana cijewa yana shan wuya lada biyu gare shi. Addinin da ya girmama mai fama da harafi haka, a ina kuka samo naku na tozarta shi?

Kuma wa ke dariyar? Wanda in ya turo maka saƙo a waya sai ka nemi mai fassara, ba Hausa ba, ba Turanci ba. Wanda ya gama sakandare da satar amsa, aka biya kuɗi aka rubuta masa a allo ya kwafa. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Tsohuwar nan layi ɗaya da ta karanta guminta ne, ba wanda ya raɗa mata a kunne.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba ku ma san abin da kuka yi wa dariya ba. Waƙar daɓe ce fa. A da in za a kai amarya, matan unguwa ke taruwa da madaɓai, su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugun ƙasa a tare suna waƙa har ɗaki ya yi santsi yana ƙyalli. A cikin waƙoƙin nan ake yi wa amarya hudubar zaman aure, ake yi wa kishiya habaici, ake tuna wane da wance da suka riga mu gidan gaskiya. Siminti ya zo, daɓe ya tafi. Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta bi shi. Lugude ma yanzu sai ka shiga ƙauye ka ji. Abin da ya rage yana cikin kawunan tsofaffin nan, kuma duk wadda aka kai makwanci da nata take tafiya. Ga ɗaya ta yi ƙoƙarin sauke nata a takarda don ya tsira, kuka rufe mata baki da dariya. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Ku 'yan matan nan biyu, ku kuka fi ba ni kunya. A ƙasar nan tamu, ƙasar Gwandu ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, za a yi wa mace dariya don ta nemi ilimi da girmanta? Ɗiyar wansa, Nana Asma'u, da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta kulle iliminta a ɗaki ba. Ita ta kafa 'Yan Taru. Dattijan mata take zaɓa, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su haddace waƙoƙinta su koma ƙauyukansu suna karantar da mata tsarki da salla da zaman duniya. Ashe ajin manyan mata ba baƙo ba ne a wurinmu, gadonmu ne tun kafin Bature ya zo da nasa allon. Da a gaban Nana tsohuwar nan ta tsaya, malfa za a ɗora mata.

Ku ciro naira 20 daga aljihu ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Yumɓu kawai ta iya, irin wanda kuke ƙyamar ya taɓa muku takalmi, amma ya kai ta Ingila da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Mu kuwa yaro yana jin kunyar a ce uwarsa mai saƙar faifai ce, alhali da kuɗin faifan aka saya masa littafin farko. Gidajenmu sun cika da roba, in ta fashe a jefa a kwata ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo mu yi ta kuka.

Wayar nan kuwa ta zama mana annoba. Mutum ya faɗi a kan babur, kafin a ɗaga shi an ɗauke shi hoto. A gidan mutuwa ma ɗauka ake yi. Yanzu abin ya kai ga kakanninmu. Kai da ka ɗauki tsohuwar nan, in ka watsa, ka sani ɗan kuka ne kai mai ja wa uwarsa jifa, don ba wanda zai tambayi sunanka, gidanku za a tambaya. Ka goge, ka je ka durƙusa ka ba ta haƙuri. Sauranku ku ji tsoron Allah, ku gyara.

Mu da muka taso, in tsohuwa tana magana ko tari ba ka isa ka yi ba. Ka gamu da ita da kaya a ka, karɓa za ka yi ka kai mata har ƙofar ɗaki, ko ba ka san ta ba. Da dare mu kewaye kaka, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa baki ɗaya, ba mai motsi sai ta kai ƙurunƙus. In yaro ya yi rashin kunya a waje, maƙwabci ya hukunta shi, ya je gida a ƙara masa. Yau ka tsawata wa ɗan wani, uban ne zai zo maka har gida da faɗa. Shi ya sa ranar Asabar manya muna wurin da yawa, ni kaɗai na yi magana, yaran kuma suka bi ni da kallo suka tafi suna tafa hannu.

Jiya da magariba na leƙa wurin Goggo, na same ta da littafinta a cinya tana bitar haruffa da hasken tocila. Na tambaye ta labarin tsohuwar. Ta ce, “Ɗan nan, Litinin ba ta zo aji ba, yau ma ba ta zo ba.”