Ba jirgin ƙasa kaɗai ya kashe mashigin Kennet and Avon ba

Tun da gwamnatin Birtaniya ta sanar a Yulin 2023 cewa za ta zaftare tallafin hukumar Canal & River Trust, mai kula da mashigan ruwa (hanyoyin da aka haƙa don jiragen ruwa) na Ingila da Wales, daga 2027, aka dawo da tsohuwar waƙa: wai mashigan ruwa sun mutu tun zuwan jirgin ƙasa, kashe musu kuɗi asara ce. Masu wannan magana ba su duba yadda aka yi mutuwar ba.

Mashigin Kennet and Avon, mai mil 87 daga Bristol zuwa Reading, an kammala shi a 1810 bisa tsarin injiniya John Rennie, dawakai na jan jiragen kwal da duwatsun gini. A 1841 kamfanin Great Western Railway ya haɗa Landan da Bristol da dogo. Jirgin ƙasa ya fi sauri, ba musu. Amma a 1852 kamfanin ya sayi mashigin da kansa, wato an ba kura ajiyar nama. Ya hana tafiyar dare, ya tsawwala kuɗin wucewa, gyara kuwa sai ganin dama.

Mashigi kuma ba ya jure sakaci. Da kwaɓaɓɓen yumɓu ake dalaye gindinsa; ruwa ya ja, yumɓun ya bushe ya tsage, in ruwan ya dawo sai ya zurare ƙasa. Ƙofofin katako da ke tare ruwa a kowace matakala, wato ɗakin ruwan da ake cikawa ko ragewa don ɗaga jirgin ruwa ko sauke shi, shekara 25 suke yi, a canza. A tudun Caen Hill, kusa da Devizes, matakala 29 ke ɗaga jirgi ƙafa 237 cikin mil biyu, 16 daga ciki a jere, kowace da tafkinta a gefe. Ƙofa ɗaya ta ruɓe, hanya ta toshe gaba ɗaya. Haka aka yi ta tafiya har ya zama ba ya biyuwa a shekarun 1950, kuma sai da 'yan sa-kai suka shekara talatin suna fama kafin Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe shi a 1990.

Masu cewa ai yanzu jiragen shaƙatawa kawai ke bi, su je su tambayi mutanen garin Whaley Bridge. A Agustan 2019 madatsar Toddbrook da ke saman garin, wadda aka gina don ba wani mashigi ruwa, ta fara zaftarewa, aka kwashe mutum kusan 1,500. Ko da kaya ko babu, ruwan yana saman gidajen mutane. A ware kuɗin madatsu da ƙofofi daban, kada almakashin baitulmali ya taɓa su.